Babban Yatsan Turai Mai Lalle

A Zoza, in aka ga mace ta fito da tsofaffin ledoji da safa a hannu, ba a tambayarta inda za ta. An san gidan Turai ta nufa, an kuma san ba a ganinta sai la'asar. Turai 'yar Karaye ce, aure ya kawo ta, kuma yau shekara arba'in da 'yan kai ke nan tana riƙe ƙafafun matan garin a kan cinyarta. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya, mai saurin baki. Tafin hannunta ya rine har ya daina komawa fari. Mijinta Malam Ilu, manomin gyaɗa, yakan ce shi tun da ya yi aure bai taɓa ganin ainihin hannun matarsa ba. Ita kuma ta ce ya gode wa Allah, don da ya gani da ya san irin kanta da ɓarar gyaɗarsa ta yi masa.

Bishiyar lalle biyu gare ta a bayan ɗaki. A inuwa take shanya ganyen, ta daka, ta tankaɗe da tsohon ɗankwali, ta kwaɓa da ruwan tsamiya. Zanen fulawa da 'yan mata ke yi yanzu ba ya gabanta, rubutun 'yan makaranta take kiran sa. Salatif dai ta yarda ta koya, kuma in ta yanka shi da reza ta jera a ƙafa, ko 'yan birni sai sun tsaya kallo. Abin da ke ba matan garin dariya shi ne ƙafar ita mai lallen. Fayau take, sai kaushi da faso, rabonta da ƙunshi shekara ashirin da biyu. In an tsokane ta da cewa wanzami ba ya son jarfa, sai ta ce a miƙo ɗaya ƙafar, rana tana yi.

Amma ba lallen kaɗai ya sa ake maganar Turai ba. Tana da wata al'ada da duk wadda ta taɓa zama gabanta ta sani. Kafin ta taɓa kwaɓin, sai ta danna babban yatsanta a ƙwaurin mace, ɗan sama da idon sawu, ta ɗan jima, ta ɗaga, ta duba ko wurin ya loɓa. Ta juya tafin hannu ta kalla. Ta ja fatar ido ƙasa ta leƙa. Sannan ta yi shiru ta ƙunsa ƙafa biyu, ta ɗaure leda, ta zura safa. Sai ta tabbata an ɗaure tamau take fara tambaya, don Turai ta daɗe da gane cewa mai ƙunshi ba ta gudu. Wata nawa? Kin fara awo? Ana jiri? Ana ganin jini, ko ɗigo ne? Gidan sauron da aka ba ki yana kan gado, ko an rufe irin tumatir da shi?

Wadda tafinta ya yi fari sai ta sha faɗa a kan zogale da wake da alayyafo, da ƙwayar ƙarin jinin da take ɓoyewa ƙarƙashin katifa don wai tana sa ɗa ya yi ƙato. Wadda ke zazzaɓi a tura ta gwaji. In kuwa mai ciki ce, Turai takan bar mata yatsa ɗaya na hannu ba lalle, don malamar asibiti ta samu farcen da za ta duba jini. Matan garin sun saba har sun daina gardama, in ka ga mace da jan hannu da farin yatsa guda, to ka fara shirin zuwa barka. Wasu suna ce mata likita marar kwali. Tsofaffin da suka san abin da ya faru kuwa sukan ce a ƙyale ta, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Macijin da ya sari Turai kowa ya san shi a ƙasar nan, kuma ba wanda ke ganin sa maciji. Kunyar ɗan fari ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai wata ta ɗaga shi. Wanda ya ce ƙiyayya ce bai san uwa ba. So ne da aka hana shi baki, kuma mu nan mun iya wannan hani fiye da kowa, har yabon mace ake da shi.

'Yar farin Turai mace ce. Ana yaye ta uwar Malam Ilu ta ɗauke ta, a hannunta ta girma, a gida ɗaya da uwar da ba ta taɓa kiran ta ba. “Waccan” Turai ke cewa, ko “'yar ɗakin Iya”. Tun da haka ta zaɓa, mu ma bari mu bar sunan inda ta ajiye shi. Yarinyar ta yi aure a Fulatan, ta samu ciki, ta dawo gida goyon ciki kamar yadda ake yi. A lokacin tsohuwar da ta raine ta ta riga mu gidan gaskiya. Da watan haihuwa ya kama, Turai ta kwaɓa lalle mafi kyau da ta taɓa kwaɓawa, ta zaunar da ita, ta ɗora ƙafarta a cinya. Wannan ce hanya ɗaya da al'ada ta bar mata ta taɓa 'yarta, kuma ta ja aikin ya yi tsawo da gangan. Ta ga ƙafar ta yi suntum. Ta ga fuskar ta cika. Matan gida suka ce ai namiji ne, ƙafar mai ɗauke da namiji haka take. Ta ga yarinyar ta ɗaure goshi da ɗankwali tamau, irin ɗaurin da mace ke yi in kai na sara mata. Tambayar ta zo mata har bakin leɓe, ta haɗiye, don akwai mutane.

Washegari da hantsi yarinyar ta faɗi tana jijjiga. Aka ce iska ce, aka kawo garwashi da turare, aka aika karɓo rubutu. Kafin wani ya ambaci asibiti, kafin a samo mota, azahar ta wuce, kuma ba a kai asibitin Rogo da ita da rai ba. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna cewa lallen ya kama jawur. Da nufin ta'aziyya suka faɗa. Turai ta ji, kuma daga ranar ba ta sake sa wa ƙafarta lalle ba.

Shekara da shekaru tana ɗauke da abin a matsayin iska, sai ranar da aka kawo mata wata amarya, Munawwara, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Turai ta ƙunsa ta, ta kori ƙawaye waje, ta ba ta labarin tun daga farko ba ta kalli fuskarta ba. Munawwara ta ce mata wannan hawan jini ne na masu ciki, kuma ya fi kama mai cikin fari. Ta ce kumburin ƙafa kaɗai ba abin tsoro ba ne, yawancin mata suna yi da yamma ya saɓe da safe. Amma in ya hau hannu da fuska, ga ciwon kai da ba ya jin magani, ga ido na ganin wuta-wuta ko hazo, ko zafi a saman ciki, to jijjiga tana bakin ƙofa. Ta ce akwai abin awo, akwai allura, kuma da yawa suna tashi in an kai su da wuri.

“Da na tambaye ta, da ta tashi?” in ji Turai.

Munawwara ta ce, “Iya, rai na Allah ne. Amma tambaya tana da amfani.”

Turai ba ta yi kuka a gaban amarya ba. Ta gyara mata ɗaurin leda, ta ce ta sake faɗo alamomin ɗaya bayan ɗaya, har sau uku, sai da ta haddace. Babban yatsan nan daga ranar ya fara aiki.

Bara da kaka, ana tsakiyar cirar gyaɗa, wata Bafulatana mai suna Hajo ta yi sallama a gidan da hantsi. Daga rugar da ke bayan gonakin Zoza take kawo nono, kuma ta fi shekara goma tana sauke ƙwaryarta a inuwar Turai ta sha ruwa. Doguwa ce, marar yawan magana. Aka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi gyaɗa, aka sake tambayar shanu. Sannan Hajo ta dubi kajin da ke tono a bakin turmi.

“Iya, akwai mai son ƙunshi a wajenmu.”

“Wace ce?”

“Baƙuwa ce. Daga gidan miji ta zo.”

Turai ta gane. Ba baƙuwar da uwa ke kasa faɗin sunanta sai guda. Bara'atu ce, 'yar farin Hajo, wadda aka kai ɗaki bara waccan.

“Wata nawa?”

“An ce takwas.”

Turai ta ajiye rariyar da ke hannunta. Ba mai yin ƙunshin haihuwa a wata takwas, kafin suna ya goge, kuma Hajo ta fi kowa sani. Ta ce, “To, jibi in Allah ya kai mu?”

“In da hali yau.” Har yanzu idon Hajo na kan kaji. “Takalminta na bakin ɗaki kwana shida ke nan. Ba ta sa shi.”

Uwar da ba ta kallon 'yarta, amma ta san kwanan da takalmi ya yi a ƙofa. Turai ta ji so da haushi a haɗe. Ta juye garin lallen da bai gama tankaɗuwa ba a ƙwarya, don da sunan lalle aka kira ta, da sunan lalle za ta shiga. Malam Ilu ya leƙo daga zaure ya ce abincin rana fa? Ta ce ya ci gyaɗarsa, shi ya shuka.

Sun tarar da Bara'atu a inuwar bukka tana ɗinkin faifai. Shekararta ashirin. Kakar da ta raine ta ta rasu da damina, don haka ta dawo goyon ciki gidan da ba mai yi mata magana sai ta bayan kai. Ta yunƙura za ta durƙusa gaisuwa, Turai ta hana ta. Fuskar ta cika har idanu sun ƙanƙance. Awarwaron hannunta ya nutse cikin nama. A goshinta kuma ga ɗankwali ɗaure tamau.

Turai ta tsaya tana kallon ɗaurin nan. Ta zauna, ta ja ƙafar yarinyar kan cinyarta.

“Ya jikin, 'yar nan?”

“Lafiya lau, Iya.”

“Kai fa?”

“Lafiya lau.”

Ta danna babban yatsa, ta ɗaga. Gurbin ya zauna kamar an danna cikin tuwo mai sanyi, bai ciko ba. Ta ce wa Hajo ta je ta ɗumamo ruwan kwaɓi, kada ta yi sauri. Da uwar ta ɓace bayan zana, Turai ta rage murya.

“Ni ba uwarki ba ce, ba surukarki ba ce. Mai lalle ce. Ƙafar da na riƙe ta fi gashin kanki yawa, kuma ba wadda na kai maganarta kasuwa. Kwana nawa kan yake ciwo?”

Bara'atu ta yi ta murza zaren faifai. Can ta ce, “Huɗu.”

“Ido fa?”

“Wasu abubuwa ne ke gilmawa, masu ƙyalli. Yau da safe ban ga ramin allura ba.”

“Ciki?”

Ta ɗora hannu ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Awo kuwa sau ɗaya ta je, tana gidan miji. Tun da ta dawo ba ta samu bakin cewa a kai ta ba.

“Me ya hana ki gaya wa Innarki?”

“Da wane baki, Iya? Cikin fari ne.”

Kunya biyu ke nan suka haɗu a gida ɗaya, ta uwa ga 'yar fari, da ta 'ya ga cikin fari, kowacce ta kama bakinta tana jiran ɗayar. Turai ta tashi ta zaga bayan zana. Hajo na nan tsaye da tukunyar ruwa a hannu, ko murhu ba ta kai ba. Duk ta ji.

“Yanzu za a kai ta asibiti,” in ji Turai.

“An dafa mata sassaƙe, Iya, maganin zaƙi. Tsofaffi sun ce tagwaye ne. Mijinta zai zo jibi, sai wata ta gaya masa.” Hajo ta dubi tukunyar da ke hannunta. “Wa zai tunkari Baffanta da maganar cikin 'yarsa? Ni ba zan iya ba. Ko na buɗe baki ba abin da zai fito.”

Turai ta karɓi tukunyar ta ajiye ƙasa. “Hajo, dubi ƙafata. Shekara goma kina ganin ta, ba ki taɓa tambaya ba, Allah ya yi miki albarka. Ni ma ina da irin taki. Ita ma haka ta ɗaure goshi. Na gani, na yi kunya, na ce gobe. An yabe ni ƙwarai, an ce Turai akwai kawaici. Da jan lallena a ƙafarta aka sa ta a ƙasa.”

Hajo ta ɗaga hannu ta nuna wata ɗorawa can gefen garke, inda maza ke zaune.

Malam Sulle, uban Bara'atu, yana tufkar igiya tare da ƙannensa biyu da wani baƙo. Mace ba ta zuwa wurin nan, balle ta gari. Turai ta tsaya nesa kaɗan ta yi sallama, ta yi gaisuwa cikakkiya ba ta rage komai ba, har da tambayar maruƙa. Sannan ta faɗa a fili, yadda kowa zai ji.

“Malam Sulle, 'yarka Bara'atu ba ta da lafiya. Cikin ne ya zo mata da hawan jini. A ba ni izini da mota in kai ta asibiti yanzu.”

Ƙannen suka sunkuyar da kai. Baƙon ya tuna yana da abin yi, ya tashi. Malam Sulle ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa kamar da wani ake.

“Wannan maganar mata ce, Iya.”

“Yau ta mata ce. In aka bar ta jibi, ta maza ce, don ku ke ɗaukar makara.”

Hannunsa ya tsaya. Bai kalle ta ba, bai kalli bukkar ba. Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira Halliru mijin yarinyar, ya yi masa magana gajeriya da Fulatanci. Ya sake kiran wani mai a-kori-kura da ke lodin gyaɗa a gonar kusa. Da ya gama, idonsa a ƙasa, ya ce, “A tafi.” Turai ta lura igiyar da ke hannunsa ta warware, bai sani ba.

Da motar ta zo aka shimfiɗa tabarma tsakanin buhuna aka kwantar da Bara'atu. Hajo ta ja baya ta tsaya jikin zana. Uwa ba ta raka 'yar fari wurin haihuwa, abin faɗe ne a rugage har shekara. Turai ba ta roƙe ta ba, ta san roƙo ba zai yi ba. Ta dai miƙa mata ƙwaryar lalle.

“Riƙe mini wannan. Hanya ba kyau, in na riƙe yarinya ba mai riƙe mini gari, kuma ba zan yi asarar lallena ba.”

Hajo ta karɓa da hannu biyu ta hau mota. Duk wadda ta tambaya daga baya, ƙwarya ta raka.

Munawwara na nan a ƙaramin asibitin, yanzu ita ce babba a ɗakin awo. Tana ganin Turai a gaba da mai ciki a baya ta bar abin da take yi. Ta naɗa abin awon jini a damtsen Bara'atu, ta duba, ta kwance, ta sake naɗawa a ɗaya hannun. Ta gwada fitsari. Nan take ta juya ta buɗe akwatin allura. Tana cikin zuƙa ke nan idanun Bara'atu suka juye, haƙora suka datse, jikin ya sanƙare ya fara karkarwa.

Turai ta san wannan abu. Shekara ashirin da biyu tana ganin sa in ta rufe ido. Ta ji kamar ta fita da gudu, amma ta tsaya ta yi abin da aka ce mata. Suka juya yarinyar gefe ɗaya, suka tare ta kada ta faɗo. Ba wanda ya cusa mata cokali a baki, ba wanda ya nemi garwashi. Munawwara ta yi allurar a nutse. Jijjigar ta lafa, ta bar Bara'atu kwance tana numfashi da ƙyar, ido a rufe.

“An tare ta, amma sai an wuce Rogo a raba ta da cikin yau,” in ji Munawwara. “Kafin a gyara mota ku yi mata magana. Muryar da ta sani.”

Turai ta kira ta sau biyu, shiru. Ta waiwaya. Hajo na bakin ƙofa, fuskarta ga bango, ƙwarya rungume a ƙirji.

“Muryata yau ta fara jin ta,” in ji Turai. “Taki ta sani tun tana ciki.”

Hajo ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta zo ta durƙusa bakin gadon. Ta ce, “Ke.” Ba motsi. Ta kalli Munawwara, ta kalli Turai, ba wadda ta taimake ta. Sai ta sunkuya daf da kunnen 'yar, muryarta ta fito a shaƙe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

“Bara'atu.”

Fatar idon ta motsa.

“Bara'atu, ni ce.”

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar, ta daɗe tana kallon fuskar da ke kanta. “Inna?” ta ce, kamar mai tambayar ko ba kuskure aka yi ba. Hajo ta kwance mata ɗankwalin goshi ta ɗora tafin hannunta a wurin, kuma ba ta ɗauke ba har Rogo.

Kafin magariba aka yi mata aiki aka ciro 'ya mace, guda ɗaya tak, 'yar mitsitsiya mai ƙarfin kuka. Tagwayen tsofaffi dai ba a gan su ba. Kwana tara suka yi a asibiti, a can aka raɗa suna. Da suka koma ruga Turai ta bi su da nata yaƙin, a kan kanwar da ake zambaɗawa a kunun mai jego, da komawa awon jini da aka ce a riƙa yi ko bayan haihuwa. Ba duka ta ci ba, amma ta ci rabi, kuma a wurin tsofaffin ruga rabi nasara ce.

Da aka yi arba'in, Bara'atu za ta koma ɗakinta, aka sake kiran Turai, wannan karon ƙunshi na gaskiya. Ta zauna a inuwar bukkar nan ta miƙa hannu za ta ja ƙafar, sai Hajo ta riga ta. Ta durƙusa a gaban matan ruga, ta danna babban yatsanta a ƙwaurin 'yarta, ta ɗaga, ta duba. Wurin ya ciko nan take. Bara'atu ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Wata tsohuwa ta yi tsaki, Hajo ta yi kamar ba ta ji ba.

Aka ƙunsa mai jego hannu da ƙafa, matan suka watse wurin ayyukansu. Kwaɓin ya ragu da yawa a ƙwarya, don Turai ta cika hannu ranar. Tana shirin rufewa Hajo ta ce, “Ba ke kika ce ba kya asarar lalle ba? Miƙo ƙafa.”

Turai ta ce ta tsufa. Ta ce fasonta zai cinye kwaɓin. Ta ce Malam Ilu na jiran abinci. Hajo ta ce ya ci gyaɗarsa, ta kama ƙafar ta ɗora a cinya. Hannun mai tatsar nono ƙarfi gare shi. Ta shafa lallen ba fasali, wani wuri kauri wani wuri shara-shara, Turai na ta gyara mata da baki. Sanyin kwaɓin ya ratsa tafin ƙafarta, sanyin da ta manta, sai ta daina gyaran. Hajo ta naɗa leda, ta ɗaure, ta ja ɗaurin ta tabbata ya yi tamau. Ta wanke hannu. Ta karɓi jaririyar ta ɗora wa Turai a cinya, ta zauna gabanta.

“Iya,” ta ce, “ita taki, yaya sunanta?”

Turai ta dubi ƙafafunta a ɗaure. Ta dubi hanyar Zoza. Mai ƙunshi ba ta gudu, ita ta kafa dokar. Shekara arba'in da ɗaya sunan na cikin bakinta, ta ji shi a bakin liman ranar suna, ta ji shi a bakin masu ta'aziyya, ita ce kawai ba ta taɓa fitar da shi ba. Leɓɓanta suka motsa sau biyu ba sauti. Hajo ba ta kau da kai ba, Bara'atu ma ta sauke mayafi tana jira.

“Ummu Hani,” in ji Turai.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, don hannunta na riƙe da jaririya. Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi wannan karon, yadda uwa ke kiran 'yar da ke cikin ɗaki ta fito ta ci abinci.

“Ummu Hani.”